Ku Tambayi Malam: Ajin Mutum 28 Ya Isa A Kira Shi Bincike?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina bin wannan fili naka tun ina ɗalibi, kuma na san ka daɗe kana koyar da lissafi a irin makarantar da na sami kaina a ciki yanzu. Shekarata ta biyu ke nan a wata kwalejin al'umma a nan Amurka. Aji biyar nake ɗauka kowane zango, uku na aljabara, biyu na ƙididdiga. A bana shugabar sashenmu ta ce kowa ya zaɓi ɗaya cikin biyu don cike sa'o'insa na ƙaro ilimi: ko ya halarci tarukan bita, ko ya yi abin da suke kira bincike a bakin aiki. Wai malami ya ɗauki wata matsala a ajinsa, ya gwada wata dabara, ya rubuta abin da ya gani, ya gabatar wa sauran malamai a watan Afrilu.

Ni digirina na biyu a tsantsar lissafi ne. Abin da aka koya mini shi ne, ko ka kafa hujja ko ba ka kafa ba. Ajin mutum 28, babu wani da za a gwada shi da shi, ni ne malamin, ni ne mai binciken, ni ne kuma mai ba da maki. Wannan ai son rai ne aka sa masa riga. Ga kuma rashin lokaci. In je in zauna a bita in sa hannu in huta, ko akwai abin da ban gano ba? In akwai, ta ina ake farawa?

Daga wani malamin lissafi a jihar Ohayo

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da ba ka gaskiyarka, don kana da ita. A aji mai mutum 28, ɗalibi ɗaya ya kusa kashi 4 cikin ɗari. Idan mota ta lalace wa mutum biyu a mako na tara, ko aka sauya musu lokacin shiga aiki suka daina zuwa, yawan masu cin darasin ya sauka da kashi 7 alhali kai ko alli ba ka canza ba. Saboda haka in wani ya miƙe a watan Afrilu ya haska muku zane mai sanduna biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya, ya ce dabararsa ta yi aiki, ka tafa masa don zumunci, amma kada ka ɗauka. Abin da ya sa nake faɗin haka ba shakka a bakina, ni ma na taɓa zama wannan mutumin.

Shekarata ta huɗu ce a bakin allo. Na dawo daga wani babban taro kaina cike da dabaru, na shiga ajin aljabara na dare na juye su gaba ɗaya. Na zaunar da ɗalibai rukuni-rukuni, na ɗora bidiyo a intanet su kalla kafin su zo, na sa ɗan gwaji kowace Alhamis, na sauya aikin gida. A zangon da ya gabata mutum 14 cikin 27 suka sami C ko abin da ya fi. A wannan, 18 cikin 26. Na tsaya gaban malamai na yi ta zuba kamar na gano maganin mutuwa. Zango na gaba, da dabarun nan huɗu ban rage ko ɗaya ba, 13 cikin 28. Wata dattijuwar malama a sashenmu, ta yi ritaya yanzu, ta tare ni a bakin injin kwafi ta ce, "To cikin huɗun, wacce ce ta yi aiki bara, wacce ce ta daina bana?" Na buɗe baki na rufe. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ni huɗu na cusa. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne, na yi mako 32 da mutanen nan amma ba ni da ko takarda ɗaya da ke nuna abin da ɗayansu yake tunani lokacin da yake kuskure. Maki kawai na tara.

Wannan sukar taka ba sabuwa ba ce, ta kusa tsufan binciken bakin aikin da kansa. Kurt Lewin ne ya raɗa masa suna, masanin halayyar jama'a da ya baro Jamus zuwa Amurka a 1933. A wata maƙala da ya fitar a 1946 kan matsalolin tsirarun ƙabilu, ya bayyana shi a matsayin zagaye: ka tsara, ka aikata, ka binciko abin da aikin ya haifar, ka sake tsarawa. Ba makaranta ce a ransa ba ma. Stephen Corey na Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolombiya ne ya shigo da shi aji da littafinsa na 1953, kuma kafin shekarun 1950 su ƙare abin ya lafa, saboda masana sun yi masa ca da hujja irin taka: ba tsauri, ba a iya ɗaukar sakamakon a kai wani wuri. Sai a shekarun 1970 ya farfaɗo a Ingila ta hannun Lawrence Stenhouse, wanda ya dage cewa malami shi ne ya kamata ya zama mai binciken ajinsa. A wurinsa sharaɗi biyu ke mai da dube-dube bincike: a bi shi cikin tsari, sannan a baje shi gaban mutane su soka. Ka lura bai ce sai an kafa hujja irin ta littafin lissafi ba.

Kai hujja kake nema, wadda za ta tsaya a Ohayo ta tsaya a Teksas. Wannan aikin wasu ne, masu ɗalibai dubbai da kuɗin bincike, kuma sun yi. A 2010 Thomas Bailey da abokan aikinsa a cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Kolombiya suka fitar da alƙaluman da suka girgiza mu duka: kashi 59 cikin ɗari na ɗaliban da suka bi diddiginsu an tura su azuzuwan share fage na lissafi, wato na maimaita lissafin sakandare kafin babban darasi, kuma cikin waɗanda aka tura, kashi ɗaya bisa uku ne kawai suka kammala jerin azuzuwan a cikin shekara uku. Daga nan jihohi suka fara rushe tsohon tsari. Fulorida ta yi doka a 2013 da ta mai da share fagen ganin dama ga yawancin ɗalibai. Tenesi ta koma haɗa darasin tallafi da babban darasi a zango ɗaya a 2015. Kalifoniya ta yi dokar AB 705 a 2017, ita ma don rage tura ɗalibai share fage. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, mutumin da a da zai yi zango biyu ko uku yana maimaita lissafin sakandare kafin ya iso gare ka, yau yana zaune a layi na uku na ajinka na aljabara. Manyan bincike sun gaya wa 'yan majalisa abin da za su yi da tsari. Babu wanda ya gaya maka abin da za ka yi da shi da ƙarfe shida da rabi na yammacin Talata.

Ga kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Malamin sakandare sai ya yi horon koyarwa ya sami shaida kafin a ba shi aji. Ni da kai digiri na biyu aka duba, a wurare da yawa da sa'o'i 18 na karatun gaba da digiri a fannin, aka miƙa mana makulli da littafi. An koya mana lissafi har ya yi mana yawa. Yadda mace mai shekara arba'in take fahimtar alamar rabawa, wannan ba wanda ya taɓa tayar mana da zancensa.

Bayan shekara biyu da waccan kunya na sake gwadawa, da tambaya ƙarama har ina jin nauyin faɗinta a taron sashe. Akwai wani kuskure da ya addabe ni, na tabbata kai ma ka san shi. A ba ɗalibi x + 6 a sama, 6 a ƙasa, a ce ya sauƙaƙa. Sai ya ja layi a kan 6 na sama, ya ja a kan 6 na ƙasa, ya rubuta x, hankalinsa kwance. Kafin in taɓa komai na ɗauki littafi na rubuta zatona, na sa kwanan wata: gaggawa ce da rashin kula, in aka ja musu kunne za su daina.

Na sayi ƙunshin ƙananan katunan nan masu inci 3 da 5. Saura minti biyar a tashi na raba, na ce ba suna, ba maki, kowa ya sauƙaƙa wannan, ya kuma rubuta jumla ɗaya ta dalilinsa. Kati 25 na karɓa, 16 sun ja layin. A cikin mota na karanta su, da fitilar ciki a kunne, kuma tun a nan zatona ya fara rawa. Rubutun mai gaggawa daban yake. Waɗannan a tsanake aka yi su, wasu har da kibiya mai nuna wane 6 ne ya tafi da wane.

Sai na roƙi mutum biyar su ba ni minti goma-goma, su yi lissafi a gabana suna faɗin abin da ke ransu da ƙarfi, ni kuma in kama bakina. Kama bakin nan shi ne mafi wuya a duk aikin. Ta uku a cikinsu mace ce mai aikin kula da tsofaffi, daga wurin aiki take wucowa aji da kayan aikinta a jiki, burinta ta shiga karatun jinya. Ba ta taɓa fashi ba, littafinta ya fi nawa tsabta. Na rubuta mata 12 + 6 a sama, 6 a ƙasa. Ko numfashi ba ta ja ba: "18 a raba 6, uku." Na rubuta x + 6 a sama, 6 a ƙasa. Ta ja layukanta biyu ta ce x. Na ce, "To in x ɗin 12 ne fa?" Ta ce, "Sai ya zama 12." Na ce, "Yanzu fa kika ce mini uku."

Ta yi shiru tana kallon takardar, ta kai fensir baki ta cire. Ina jira in ga ta ce au, ta goge. Ba ta goge ba. Ta ɗago ta ce, "Ai wancan lissafi ne, wannan kuma aljabara ce. A aljabara in ka ga abu iri ɗaya sama da ƙasa, sokewa ake yi." Na ce wa ya gaya mata haka. Ta dube ni da mamaki, ba da raini ba, ta ce, "Kai mana."

Na so in musa. Maimakon haka na roƙi wani abokin aikina ya zauna a bayan aji da takarda, ya ja sanda ɗaya duk lokacin da na furta kalmar nan ta sokewa, ya ja wata a gefe duk lokacin da na ce a sa lamba a gwada. Darasin minti 75 ne. Da muka fito ya miƙo mini takardar yana danne dariya: 23 a gefe ɗaya, ɗaya gefen fari fat. Laifi tudu ne. Shekara shida ina jan jan biro a kan takardun mutane saboda sun yi mini biyayya.

Abu ɗaya na canza, ɗaya tak. Na cire kalmar daga bakina, na koma cewa a raba sama da ƙasa da kaza, kuma ba mu barin kowace sauƙaƙawa sai mun zaɓi lamba mun sa a tsohon fasali da sabon mun ga ko sun yi daidai. Bayan mako uku na sake raba kati, masu jan layi sun koma 5. Da ni ne na shekarun baya, a nan zan tsaya in je in yi zane mai sanduna. Na daure na jira jarrabawar ƙarshe, na sa tambayar da wata kama: 2y + 10 a sama, 2 a ƙasa. Mutum 11 suka rubuta y + 10. Na zauna da takardun ina juya su, sai na lura da gefen shafi. Duk wanda ya gwada lamba a gefe bai faɗa ramin ba. Yawanci ba su gwada ba, domin in agogo na gudu mutum tsohuwar hanyarsa yake bi, kuma ni ban taɓa ba da ko rabin maki a kan gwadawar ba. Na ce musu abu ne mai muhimmanci, takardar maki ta ce musu ba haka ba ne, suka gaskata takardar. Wannan ta zama tambayata ta zango na gaba.

In ka tambaye ni hujjar da na kafa, babu. Abin da na samu shi ne kunnena ya canza. Tun daga ranar, in ɗalibi ya yi kuskure, tambayata ta farko ita ce wace doka yake bi, kuma a ina ya tsince ta. Daga baya na karanta aikin James Stigler na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, shi da Karen Givvin da Belinda Thompson, wanda suka fitar a 2010 kan ɗaliban share fage a kwalejojin al'umma. Cikin tambayoyinsu akwai wannan: in harafin a yana wakiltar cikakkiyar lamba da ta fi sifili, wanne ya fi girma, a bisa 5 ko a bisa 8? Wajen rabi ne suka dace, wato kusan abin da canki-canka za ta bayar. Abin da suka fahimta shi ne ɗaliban suna ɗaukar lissafi a matsayin tarin dokoki da ake haddacewa, ba abin da ake sa wa hankali ba. Da na karanta wannan kafin in zauna da baiwar Allah nan, da na gyaɗa kai na ce tabbas, na koma aji na ci gaba da cewa a soke. Gani ya kori ji.

Ka san labarin Uri Treisman? A tsakiyar shekarun 1970 yana Jami'ar Bakili, yana son sanin abin da ya sa ɗalibai baƙar fata ke faɗuwa a kalkulas, wani reshe na lissafi. Malamai suka ba shi dalilansu a shirye: talauci, raunin sakandare, rashin himma, rashin goyon bayan gida. Ya ƙi tsayawa a nan, ya bi ɗalibai 20 baƙaƙe da 20 'yan asalin Sin ya ga yadda suke karatu a zahiri. Dalilan malaman ba su tsaya ba. Abin da ya gani shi ne baƙaƙen suna karatu tuƙuru amma kowa shi kaɗai, su kuwa ɗaya ɓangaren sukan haɗu su yi ta gyara wa juna. Jami'a ce, ba kwaleji irin tamu ba, kuma ya sami lokacin da ni da kai ba za mu samu ba. Na kawo shi ne saboda malaman nan ba jahilai ba ne, kowannensu ya shekara da shekaru a aji. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, ya san inda ruwan ke ɗiga. Inda ɓular take a rufi, wannan sai ya hau.

Yanzu ta ina za ka fara. Cikin azuzuwanka biyar ka ɗauki ɗaya, ka bar sauran su huta. Ka nemi kuskuren da ke sa ka ajiye biro ka yi tsaki in kana duba takardu, wannan shi ne tambayarka. "Yaya zan ƙara wa ɗalibai himma" ba tambaya ba ce, addu'a ce. A ƙididdiga, misali, kana iya tambayar abin da suke nufi in sun ce tazarar amincewa ta kashi 95, ka sa su rubuta da kalmominsu. Mako uku na farko kada ka gyara komai, ka tara kati kawai. Dabarar katin ba tawa ba ce, tana cikin littafin Thomas Angelo da Patricia Cross na 1993 kan hanyoyin auna fahimta a aji, kuma wani nau'inta, inda ake tambayar ɗalibi abin da ya fi shige masa duhu a darasin yau, daga Frederick Mosteller ya fito, masanin ƙididdiga na Jami'ar Habad. Ka ga ɗan gidanku ne. Kati 28 ba ya cin minti ashirin in tsibi-tsibi kake kasa su maimakon ba su maki. Awa ɗaya a mako ta ishe ka, har da rubuta layi biyar a littafi bayan kowane darasi, tun kafin ka manta.

Maganar son rai kuwa, ba ta da magani gaba ɗaya, amma ana rage mata ƙarfi. Rubuta zatonka da kwanan wata tun farko shi ne babba, domin zuciya gwana ce wajen cewa dama na sani. Ka haɗa katunan farko da na ƙarshe ka cuɗa su, ka ba abokin aiki ya kasa ba tare da ya san wanne ne na yaushe ba. Ka ƙirga waɗanda suka janye suka karɓi W, don matsakaicin maki yakan yi kyau ne kawai saboda masu rauni sun tafi. Kai da ke koyar da ƙididdiga ba sai na gaya maka ba cewa ajin da ya yi mummunar faɗuwa a gwajin farko yakan ɗan ɗago a na biyu ko ba a yi masa komai ba. Kuma kada ka ruɗi kanka da cewa ajinka na takwas na safe da na shida na yamma sun zama abin gwadawa. Na safe 'yan shekara sha tara ne, na yamma iyaye ne da suka fito daga aiki.

Sai batun izini, wanda ba ka tambaya ba amma zai iya ɓata maka komai. In don gyaran ajinka kawai kake yi, yawanci ba a ɗaukarsa binciken da dokar tarayya ta shafa. In kuwa akwai ko alamar za ka fita da shi waje, taro ko mujalla, ka je wurin kwamitin da ke sa ido kan binciken da ya shafi mutane, wato IRB, tun kafin ka raba katin farko. Sau da yawa irin wannan aiki na aji ana yafe masa dogon tantancewa, amma su ke yafewa, ba kai ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. In kwalejinku ba ta da kwamitin, ka tambayi ofishin da ke riƙe da alƙaluman makaranta. Dokar FERPA ta 1974 ta hana ka baje suna ko makin ɗalibi, don haka in za ka haska kati ka tabbata ba a gane mai shi. Ka tuna kuma wanda makinsa ke hannunka ba ya iya ce maka a'a cikin sakin jiki. Ni abokin aiki nake sawa ya karɓi takardun amincewa ina waje, ya rufe su a ambulan, ba na buɗewa sai na shigar da sakamako. Ka duba rajistarka ma, ko akwai 'yan sakandare da ke ɗaukar darasin kwaleji. Wanda bai kai 18 ba sai da sa hannun iyaye.

Bita ba abin yarwa ba ce, daga can ake jin abin da wasu suka gwada. Ƙungiyarmu ta malaman lissafi na kwalejojin shekara biyu, AMATYC, wadda aka kafa a 1974, tana taro kowace shekara, tana kuma da shiri na musamman don sababbin malamai irinka mai suna Project ACCCESS, ka duba shi. Amma in zaɓi ɗaya aka ba ka a bana, ka ɗauki binciken. Ranar Afrilu ka bar zane a gida, ka zo da kati goma, ka raba wa malamai su karanta su gaya maka abin da suka gani. Za a yi gardama, wani zai ce ka fassara su ba daidai ba, wataƙila ma yana da gaskiya. Ka rubuto mini abin da ya ce.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni malamar wucin gadi ce, ina koyarwa a kwaleji biyu, ana biyana a kan kowane darasi, ofishina but ɗin motata ne. An gayyace ni ƙungiyar masu bincike a bakin aiki da ke zama kowace Juma'a da rana, amma ba a ce komai game da biya ba. Ina tsoron in ƙi a ce ba ni da kishi.

Daga wata malama a jihar Meriland

AMSA

Malama, barka kadai. Ku ne mafi yawan malamai a kwalejojin al'umma, kuma azuzuwan farko da na dare, inda aka fi faɗuwa, galibi a hannunku suke. Ƙungiyar ta fi bukatarki fiye da yadda kike bukatarta, ki shiga maganar da sanin haka. Malamin dindindin da ke zaune kusa da ke ranar Juma'a albashinsa na tafiya, ke naki ba ya tafiya, kuma tambayar wannan ba rashin kishi ba ne. Wasu kwalejoji suna ba da ɗan alawus na irin wannan zama, wani lokaci yana rubuce a yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ba wanda ya gaya miki. Ki rubuta wa shugaban sashe imel, ba magana a baranda ba, ki yi tambaya biyu: akwai alawus, kuma abin da na gano a ajina zai shiga cikin takardun da ake dubawa in za a sabunta mini kwantiragi? Ta biyun ta fi ta farko nauyi. Bincike irin wannan ba ya yiwuwa sai mutum ya iya cewa na gwada bai yi ba, kuma wadda aikinta ke rataye da zango ɗaya ba za ta faɗi haka ba sai ta san ba za a juya mata shi ba.

In amsoshin ba su yi miki ba, ki gode musu ki ce jadawalinki bai ba ki dama ba, wanda kuma gaskiya ne. Katunan ba sa bukatar ƙungiya. Ki yi naki a aji ɗaya, ki nemi malama ɗaya da kuka saba ku riƙa musayar kati ko da a wurin ajiye motoci ne, ki adana littafin da kike rubuta abin da kika gani. Ranar da aka buɗe gurbin dindindin, kwamitin ɗaukar aiki zai tambaye ki wani abu da kika canza a koyarwarki da dalilin canzawar. Na zauna a irin wannan kwamiti sau uku, kuma yawancin masu nema da sunan wata manhaja suke amsawa.